Zubewar gashi: kafin a sayi kwalba ta biyar, a san abin da ya ci gashin

Duk wanda ya zaga Kasuwar Dole ta Damagaram, ko babbar kasuwar Maradi, ko Wadata a birnin Yamai, ba zai rasa teburin da aka jera kwalabe da robobin man gashi ba. Wani ya fito daga Kano, wani daga Kwatano, wani an ce daga Dubai, kuma kowane da hoton mace mai gashi har gadon baya. Masu sayar da su sun san abokan cinikinsu. Mace za ta tsaya, ta ɗauki kwalba ta juya, ta sassauta murya ta ce ƙanwarta ce ta aiko ta, gashinta ke zuba. Sau da yawa babu wata ƙanwa, ita ce da kanta, ɗankwali ne kawai ya rufa asiri.

Ƴan uwa mata, wannan magana ce da ba a cika yin ta a fili ba, amma tana cin kuɗi, tana cin rai, wani lokaci har ta taɓa aure. Na ga haka a gidanmu. Innata, ƙanwar mahaifiyata, mai sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ta shekara biyu da ɗoriya tana fama da gashin gabanta da ke ja da baya. Ta shafa man kaɗanya, ta shafa man shanu, ta sayi na kanti kala-kala, ta karɓo rubutu, har ta daina gaisawa da wata maƙwabciya da ta zarga da kambun baka. Wurin likita ne ta je daga ƙarshe, bayan ko'ina ya gagara. Lokotoron da ya duba ta ya ce gashin gefen kunnuwa zai iya dawowa, amma na goshi ya tafi ke nan, domin fatar wurin ta riga ta zama tabo. Abin da ya ci gashin kuwa matsattsen kitso ne tun tana yarinya, da man miƙar da gashi da take sawa duk lokacin biki ko Salla. Da ta zauna ta yi lissafin abin da ta kashe, ta ce ya fi kuɗin buhun gyaɗa.

Abin da ya fi damuna a labarinta shi ne, da a watannin farko ta je, da wataƙila har na goshin an cece shi.

Saiwa mai rai da saiwar da ta mutu

Kan mutum yana ɗauke da silin gashi wajen 100,000, kuma kowane sili yana da saiwarsa a cikin fata. Sili yana yin shekaru yana tsawo, wajen santimita 1 a wata, sannan ya huta kamar wata 3, ya faɗi, sabo ya tsiro a gurbinsa. Saboda haka zubar sili 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne. Macen da ta bar kitso sati uku, ranar tsifa za ta ga gashi cike da tafin hannu, hankalinta ya tashi, alhali na kwana 21 ne ya taru ya fito lokaci guda.

Akwai kuma bambanci tsakanin zubewa da karyewa, kuma kowace mace za ta iya dubawa da kanta. Ki ɗauki silin da ya fito a mataji. In dogo ne, da ɗan farin ƙulli a gindinsa, daga saiwa ya fito. In guntaye ne babu ƙulli, karyewa yake yi saboda bushewa, ko zafin ƙarfen gyara, ko man miƙarwa. Lokacin hunturu karyewa ta fi yawa.

Tambayar da likitan fata yake fara yi wa kansa ita ce: saiwar tana da rai ko ta mutu? In ana ganin ƙananan ramukan gashi a fatar, ko wasu siraran gashi kamar na jariri, da sauran fata. In wurin ya yi sumul yana ƙyalli kamar bayan faranti, ramukan sun shafe, to babu mai, babu ƙwaya, babu saiwar itace da za ta tsiro da gashi a nan. Mai talla ba zai gaya miki haka ba, domin shi kwalba yake son ta ƙare.

Kitso shi ne babban mai laifin da ba a zargi. Idan makitsiya ta ja gashi har gira ta ɗaga, kai ya yi kwana biyu yana ciwo, ƙananan ƙuraje suka feso a bakin goshi, saiwa ce take kuka. Mu kuwa mun saba da cewa kitson da bai yi zafi ba bai kamu ba, har yarinya ta yi kuka a ce mata raki. A shekarar 2007 likitocin fata a birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu sun duba kawunan mata da ƴan makaranta, suka tarar kusan mace 1 cikin 3 tana da wannan cinyewar gashi ta ja, a cikin ƴan mata ƴan makaranta kuma wajen 17 cikin 100. Waɗanda suka fi shan wahala su ne masu haɗa biyu: a sa man miƙarwa, sannan a ɗora matsattsen kitso ko ƙarin gashi mai nauyi. Yawancin man miƙarwar nan da soda ake yin sa, dangin wadda ake haɗa sabulu da ita. Shi ya sa yake ƙuna in ya jima a kai. A ƙara da ɗaurin ɗankwali mai tsauri a wuri guda tun safe har magariba, da gammo da kaya a kai ga masu talla, sai a ga bakin goshi ba ya samun hutu ko na yini ɗaya.

Akwai wata cutar kuma da ta fi kama mata baƙar fata, wadda take farawa daga tsakiyar kai tana faɗaɗa a hankali, wani lokaci da ƙaiƙayi ko zafi, wani lokaci shiru. Ita ma tabo take bari. Likita yana iya tsayar da ita da magungunan kashe kumburin fata, amma abin da ta riga ta cinye ba ya dawowa. Wadda ta ga tsagar tsakiyar kanta tana ƙara faɗi, kada ta jira bayan Salla.

Zubewar da take warkewa da kanta

Ba kowace zubewa ce abin tsoro ba. Mai jego takan ga gashinta yana zuba sosai wata 2 zuwa 4 bayan haihuwa. Dalili shi ne lokacin ciki gashin da ya kamata ya faɗi yana tsayawa, bayan an sauka sai ya tafi gaba ɗaya. Haka yake faruwa bayan masassara mai tsanani, ta cizon sauro ko ta taifot, bayan aikin tiyata, ko babban tashin hankali kamar rasuwa ko gobarar shago. Da yake zubewar ba ta zuwa sai bayan wata biyu ko uku, mace ta riga ta manta da ciwon, sai ta shiga neman wanda ya yi mata. Irin wannan gashi yakan dawo cikin wata 6 zuwa shekara, ko an shafa wani abu ko ba a shafa ba. Nan ne masu sayar da mai suke samun shaida a banza: mai jego ta shafa, gashi ya dawo don lokacinsa ya yi, sai ta rantse da kwalbar, ta kuma tallata ta ga ƴan adashensu.

In zubewar ta wuce wata shida ba ta tsaya ba, a duba jini. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijar a 2012 ya nuna mata 46 cikin 100 masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Haihuwa kusa da kusa, jinin al'ada mai yawa, tsutsar ciki da abincin da ba ya da ƙarfe duk suna kawo shi. Macen da take gajiya da wuri, take haki in ta ɗauki kaya, cikin idonta ya yi fari, kuma gashi na zuba, maganinta yana cikin tukunya da ƙwayar ƙarin jini, ba a kan teburin mai man gashi ba. Hanta, nama, kifi, ƙwai, wake, zogale, har farar da ake soyawa a kasuwa suna taimakawa. Matsa lemun tsami a kan kwaɗo yana sa jiki ya fi ɗaukar ƙarfen da ke cikin ganye, shayi mai kauri nan take bayan cin abinci kuma yana rage shi. Masu ciki kada su ajiye jajayen ƙwayoyin da ake ba su wurin awo a ƙarƙashin katifa. Ciwon maƙoƙo, wato in ƙullin da ke gaban wuya ya yi kasala ko ya yi aiki fiye da kima, shi ma yana zubar da gashi, kuma awon jini ne yake nuna shi.

Wadda ta fi tayar da rigima a gidaje ita ce zubewar da take zuwa kwatsam. Mutum ya kwanta lafiya, makitsiya ko wanzami ya gano wani fili a kansa, zagayayye kamar kwabon dala ashirin, sumul, babu ƙurji babu ciwo. Nan take sai a ce aljani ne ya yi aski, ko kishiya ta tsinci gashi a mataji ta kai wa boka. Likitoci sun san wannan cuta a duk duniya, tana kama Bature, tana kama Basine, tana kama yaron da ba shi da abokin gaba. Sojojin jiki masu yaƙi da cuta ne suke ruɗewa su afka wa saiwar gashi. Ba su kashe ta, sumar da ita suke yi, don haka mutane da yawa masu ƙaramin fili gashinsu yana dawowa cikin shekara guda, wani lokaci ya fara fitowa fari kafin ya yi baƙi. Likitan fata yana da man shafawa da allurar da ake yi a wurin don gaggauta shi. Ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, kuma babu hannun kowa a ciki.

Ta yara dabam ce. Filin da yake da ɓawo fari kamar toka, da guntayen gashi da ƙaiƙayi, makero ne, kuma yana yaɗuwa ta aska, da mataji, da hula, da matashin kai. Shafe-shafe kaɗai ba ya kashe shi, domin yana cikin silin gashin. Sai an sha magani, irin su griseofulvine, sati 6 zuwa 8 bisa umurnin likita. Iyayen da suke shafa wa yaro baƙin man mota, ko ruwan batir, ko su kankare wurin da reza, su ji tsoron Allah: makero yana warkewa, amma ƙunar da suka yi tabo ce har girma. Kuma kowane yaro a tafi da rezarsa wurin aski.

Abin da man gida yake iyawa

Ba na raina abin da kakanninmu suka bari. Man kaɗanya, man shanu, man kwakwa da man zaitun suna tausasa gashi, suna riƙe masa danshi, suna rage karyewa. Karkashi yana wanke kai ba tare da ya busar da shi ba, yana kuma sa tsifa ta yi sauƙi. Ganyen magarya ma haka. Lalle yana lulluɓe sili ya ƙara masa kauri. Garin shebe na matan Cadi, wanda ya yi suna ƴan shekarun nan, a jikin gashi ake shafa shi don kada ya karye, shi ya sa yake taruwa ya yi tsawo. Duk waɗannan aikinsu a kan silin da ya riga ya fito yake. Ga wadda matsalarta karyewa ce, sun wadatar, kuma sun fi yawancin na kanti araha da aminci.

Ruwan albasa ma an taɓa gwada shi. A 2002 wasu likitoci a Iraƙi sun gwada shi a kan mutum 38 masu wancan zagayayyen fili, kuma waɗanda suka shafa sun fi samun tsiro. Amma mutanen kaɗan ne, cutar kuma iri ɗaya ce, wadda dama takan warke. Tafarnuwa ɗanya kuwa tana ƙona fata in aka ɗaure ta a kai, kanwa ma haka. Abin da ya fi haɗari shi ne haɗin da ba a san abin da ke ciki ba, wanda ake ɗurawa a roba babu suna babu kwanan wata, ko ake tallatawa a WhatsApp da TikTok da hoton jiya da yau. Haka nan man shafawa masu ƙarfi da ake sayarwa a faranti a bakin hanya, irin waɗanda masu bilicin suke amfani da su: suna kwantar da ƙaiƙayi kwana biyu, suna sirantar da fata, kuma suna sa makero ya ƙara bazuwa.

Ku ƴan kasuwa ne, ku yi lissafin da kanku. A ce kwalba jikka 2 ce, ana saye sau biyu a wata. A shekara jikka 48 ke nan, an fitar daga uwar kuɗi, ba a san ma cutar da ake yi wa magani ba. Babu wadda za ta sari buhu ba ta kwance bakinsa ta duba ba.

Na farmasi ma ba tsafi ba ne. Wanda aka fi sani shi ne minoxidil, wanda asalinsa maganin hawan jini ne, aka lura yana tsiro da gashi, Amurka ta amince da shafa shi ga maza a 1988, ga mata a 1991. Yana taimaka wa masu sanƙon gado, maza da mata, da wasu masu cinyewar goshi in saiwa ba ta mutu ba. Sai an yi wata 4 zuwa 6 ana shafawa kullum kafin a ga alama, kuma ga mai sanƙon gado ranar da aka daina, cikin ƴan watanni abin da aka samu zai zube. Mai ciki da mai shayarwa ba su amfani da shi. Maza suna da wata ƙwaya, finasteride, wadda ba a sha sai da takardar likita, kuma mai ciki ko ɓallinta kada ta taɓa. Alhazan da suke zuwa sari Istambul sun ga asibitocin dashen gashi, inda ake ciro saiwa daga ƙeya a dasa a gaba. Aikin yana yi, amma da tsada, kuma ba a yin sa a kan fatar da cuta take ci.

Addu'a da magani

Musulmi ba ya raba magani da addu'a. Hadisi ya tabbata a Buhari cewa kowace cuta da Allah ya saukar ya saukar da maganinta, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umurni da neman magani. A Buhari da Muslim akwai labarin mutum uku na Banu Isra'ila, mai ciwon fata, da mai sanƙo, da makaho, waɗanda aka aiko musu mala'ika. Mai sanƙon ya roƙi gashi mai kyau domin mutane suna ƙyamarsa, aka kuma ba shi. Malamai sun kafa hujja da wannan cewa neman gashi ya dawo gyaran aibi ne, ba canza halitta ba. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na 2007 a Malesiya, ta halatta dashen gashi ga wanda nasa ya zube, musamman mace.

Akwai kuma hadisin matar da ta zo da kukan cewa ƴarta amarya ce, ciwo ya zubar mata da gashi, tana neman izinin yi mata ƙari da wani gashin, aka hana ta. Wannan ya nuna damuwar ba ta yau ba ce. Game da ƙari da zare ko ulu, da hular gashi ga wadda kanta ya zube gaba ɗaya, maganganun malamai sun bambanta, sai mace ta tambayi malamin da ta yarda da iliminsa. Abin da zan ƙara ta fuskar lafiya shi ne, ƙari mai nauyi a kan gashin da ya riga ya raunana yana ƙarasa shi.

Tofi da ayoyin Alƙur'ani, da azkar na safe da yamma, da habbatus sauda, babu mai hana su, kuma zuciyar da ta natsu ta fi jure jiran watannin da gashi yake ɗauka. Inda ake ɓata shi ne wurin wanda zai buga ƙasa ya ce wance ce ta yi miki, ya karɓi akuya da jikka goma. An rasa kuɗi, an ɗauki alhakin baiwar Allah, zumunci ya lalace, kuma watannin da saiwa take da sauran numfashi sun wuce. Magidanta ma da nasu. Wanda matarsa ta cire ɗankwali ya yi mata dariya, ko ya yi mata gori da ƙarin aure, shi ne yake tura ta wurin irin waɗannan mutane. Shi da hula take rufa wa asiri tun yana ɗan shekara 35 ya kamata ya fi kowa tausayi.

Ina za a je? A fara da likitar unguwa, wato CSI, inda za a iya duba ƙarancin jini da makero, a kuma ba da takardar zuwa gaba. Likitocin fata ba su da yawa a ƙasar, galibinsu suna Yamai, a babban asibitin ƙasa da cibiyar cututtukan fata da kuturta. Daga Damagaram, Maradi da Tawa a tambaya a manyan asibitocin jiha, kuma mutanen Maradi sun san asibitin Danja da ya daɗe yana duba ciwon fata. A je da kai a tsefe, ba tare da an cika shi da mai ba. A ɗauki duk kwalaben da aka yi amfani da su a leda. A faɗi gaskiya: yaushe aka haihu, yaushe aka yi masassara, wane maganin tsarin iyali ko na hawan jini ake sha, yaya jinin al'ada yake. Wadda take jin nauyin buɗe kai gaban namiji ta tafi da ƴar uwa ko ta nemi mace ta duba ta. Kada a jira in akwai ruwa ko mugunya a kai, ko zafi, ko fatar ta fara ƙyalli, ko gira ma tana zuba, ko jiki yana rama.

Innata yanzu manyan kitso huɗu take yi, sakwa-sakwa, ta tsefe bayan sati biyu ta bar kan ya huta kwana uku. Ta daina man miƙarwa, ta koma karkashi da man kaɗanya. Gashin gefen kunnuwa ya cika, na goshi bai dawo ba, ɗankwalinta take saukowa da shi kaɗan. Ta je ta ba maƙwabciyar nan haƙuri da kwanon ƙuli-ƙuli. Ranar da ake yi wa jikokinta kitso kuwa, tabarma take jawowa ta zauna kusa da makitsiya, da ta ga girar yarinya ta ɗaga sai ta ce a warware a sake.